Liyari Mai Zare a Kafaɗa

Mutanen unguwarmu a Kalgo sun san ni da abu biyu: faɗa, da tara tsofaffin kuɗin azurfa. Faɗan gado na yi, kuma ba ni da niyyar ba kowa haƙuri a kansa. Tarin kuɗin kuwa Inna ce sanadinsa, duk da cewa ba ta taɓa buɗe baki ta ce in tara mata komai ba.

Yaran yanzu ba su san liyari ba. Babban kuɗin azurfa ne na zamanin da, mai nauyi a hannu. A fuska ɗaya akwai hoton wata mata mai jiki, ta yi lulluɓi, a ɗaya fuskar kuma mikiya mai kai biyu. Tun kafin a haife ni an daina ciniki da shi, sai ya koma kayan ado. Dangin Inna makiyaya ne da suka zauna a gefen Dalijan, ta ƙasar Gwandu, kuma a wurinsu mace takan kai liyari ga maƙerin azurfa ya liƙa masa ɗan kunne, ta zura zare, ta ɗaure a jikin kitso ya riƙa lilo kusa da kumatu.

Inna ta auri Babanmu, mutumin fadama, manomin shinkafa a wajen Diggi. Da ta samu cikina ta koma gidansu ta haihu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ranar da za ta dawo ɗakinta, mahaifiyarta ta kwance liyarin da ke kanta, ta ɗaura mata shi da hannunta. Damina ce, fadama ta cika, sai da kwalekwale ake shiga ƙauyen Babanmu. Inna ba ta taɓa hawa ruwa ba a rayuwarta. A tsakiyar tafiya jirgin ya bugi wani abu ya karkace, ruwa ya fara shiga, zanin goyo ya kwance. Ta damƙe bakin jirgi da hannu ɗaya, ta cafko ni da ɗayan. Ƙayar gumbi da ke bakin hanya ta kama zaren kitsonta ta tsinke shi. Tana kallo liyarin ya yi walƙiya sau ɗaya ya nutse. Masunta sun yi ta nutso ba su same shi ba. Kafin wata damina ta zagayo, mahaifiyar tata ta rasu.

Babanmu mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Da aka yi girbi ya tafi kasuwa ya sayo mata wani liyarin, fes da shi, har da kunnensa. Ta karɓa, ta shafa babban yatsanta a kan kafaɗar matar, ta mayar masa.

"Ba shi na ba," in ji ta.

"Ke, liyari ai liyari na. Mace guda, tsuntsu guda."

"Na Innata yana da zare. Daga kahwaɗatta yat tashi hab baki. Wanga ba shi da."

Ya sake sayo wani a wata shekarar, ta sake mayarwa. Daga nan abin ya zama abin tsokana a gidan. Idan yaro ya ƙi tuwo, sai a ce ko shi ma mai zare yake so. Inna ba ta tanka musu. Amma duk inda ta ga mace da liyari a kai, ko a biki ko a bakin rijiya, sai ta roƙi a bar ta ta taɓa. Ta shafa kafaɗar, ta saki, ta yi godiya.

Ni na tashi ina kallon wannan shafawa, kuma in faɗi gaskiya, tana ci mini rai. Kowa ya san labarin jirgin, kowa na ba da shi da dariya, cewa an tsamo ɗiya an bar liyari. Ni ban taɓa jin dariyar ba. A raina ina ganin ni ce na raba ta da abu na ƙarshe da hannun uwarta ya taɓa. Ba ta taɓa nuna mini haka ba, ko da wasa. Sai dai duk lokacin da ta ce "ba shi na ba", sai in tambayi kaina ko akwai ranar da ta yi da-na-sani. Ban iya tambayarta ba. 'Yar fari ce ni, ko sunana ba ta faɗi, balle mu zauna irin wannan hira.

Na yi karatu, na zama malamar firamare a Kalgo, na yi aure, na haihu. Babanmu ya rasu, Inna ta koma wajen 'yan uwanta a Dalijan. Wata rana na kai 'yan kunnena gyara wurin wani maƙerin azurfa da ke bayan kasuwa, dattijo mai son zolaya. Ina zaune ina jira na ga yana buga ado a kan wasu ƙananan faranta na azurfa da wani guntun ƙarfe mai zane a baki. Na ɗauki ɗaya na duba, na ga wani siririn layi ya ratsa furen. Na ɗauki na biyu, ga layin a wuri ɗaya. Na uku ma haka.

Na ce, "Baba maƙeri, wanga layi hwa? Duk ka ɓata su."

Ya ce, "Malama, ba ni niɓ ɓata ba. Hatimin na yat tsage. Azurhwa ko ba ta da gardama, in an buge ta sai ta shige cikin tsagar. Taɓa ki ji, ai bisa yat taso, ba ciki yash shiga ba."

Na taɓa. Layin a tashe yake, kamar zaren da aka ɗora a kan faranti. Na tambaye shi ko kuɗin da ma haka ake buga su, ya ce to da me za a buga su, da baki? Ya ce hatimin ƙarfe ne, a buga a buga har ya gaji ya tsage, a jefar a sassaƙa wani. Kuma duk kuɗin da aka buga bayan tsagewar, kafin a lura, da wannan layin zai fito.

Ban karɓi 'yan kunnen ba ma na fito. Abin da ke kaina ɗaya ne: na Inna yana ƙarƙashin laka, ya tafi ke nan, amma ba shi kaɗai hatimin ya haifa ba. Yana da 'yan uwa, kuma wataƙila fataken da suka kawo shi ƙasar nan a jaka ɗaya suka kawo su.

Da haka na fara. Akwai wata dillaliya da ke zaga gidaje da ƙullin kayan mata, ta san cikin kowane ɗaki daga Kalgo har Masama. Na ce mata duk inda ta ji za a sayar da liyari, ko za a kai shi a narke, ta fara biyowa ta wurina. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malama, ko dai wani asiri za ki haɗa?" Na ce mata e, na mallakar dillalai ne. Tun daga ranar muka shirya.

Da farko kafaɗa kawai nake dubawa, in ban ga zare ba in mayar. Amma ido in ya saba kallon abu sai ya fara ganin abin da ba a aike shi ba. Na lura shekara ɗaya ce rubuce a jikin dukkansu, alhali wani ya sha hannu har fuskar matar ta shafe, wani kuwa kamar jiya aka yi shi. Na sayi ɗan gilashin nan na masu gyaran agogo. Sai ga shi ɗige-ɗigen da ke kewaye da maɓallin kafaɗar matar ba su zo daidai ba, wani ya fi wani yawa. Gashin wutsiyar mikiya ya bambanta. Rubutun da ke zagaye da bakin kuɗin, wani manya ne, wani sirara. Ashe matar ɗaya ce, amma hannuwan da suka sassaƙa ta suna da yawa, a garuruwa dabam-dabam, a zamani dabam-dabam. Ɗiyata ta fari, da ta ga abin ya kama ni, ta nemo mini hotuna a wayarta, na ga ashe akwai mutane a duniya da wannan ne aikinsu. Na ji daɗi ƙwarai da na san ba ni kaɗai ce mai wannan ciwo ba.

Daga liyari na gangara kan ƙanana: fataka, sule, sisi da taro na azurfa, kuɗin zamanin Turawa, wasunsu masu bishiya a baya. Su ma wani yana da ɗan harafi ƙanƙani a ƙasa, wani babu. Na ɗinka wa kowane 'yar jakarsa ta farin ƙyalle, na jera su a cikin tsohuwar adakar aurena. Na kuma koyi dokokin masu tarawa, na riƙe su fiye da masu su. Ba a wanke tsohon kuɗi, domin duhun da shekaru suka sa masa shi ne mutuncinsa. Ba a kama shi ta fuska, sai ta baki. Uwa uba, ba a kai shi kusa da wuta. Wanda aka liƙa wa kunne ko aka huda, a wurinsu ya tashi daga aiki. Maƙerin nan ya sha masifata a kan wannan. Duk lokacin da na tarar ya ɗora liyari a kan gawayi sai na tsaya a kansa na zazzage masa, ina ce masa mai kashe tarihi. Shi kuwa sai ya ci gaba da zuga wutarsa yana cewa, "Allah shi ba mijinki haƙuri."

Shekaru suka tafi, adaka ta yi nauyi, zare bai zo ba. Na ga masu tsaga a wuya, na ga masu tsaga a cikin rubutu, na kai wa Inna wasu. Ta shafa ta ce ba shi ba ne. Sannan idonta ya fara rufewa, ciwon ƙirji ya sa ta gaba. Duk zuwan da na yi Dalijan sai in tarar ta ƙara ƙanƙancewa a kan tabarma. Na fara jin tsoro na gaske, cewa za ta tafi ban sa mata abin nan a hannu ba, kuma tambayar da ke raina za ta zauna da ni har nawa lokacin.

Wata Asabar da hantsi ina tankaɗe sai ga dillaliya ta yi sallama. Ta ce an raba gadon wata tsohuwa a Masama, an tarar da wasu liyari a cikin tandu, an naɗe su da auduga, ba a taɓa sa su a kai ba. Magada na son a narke a yi awarwaro. Ta kwance bakin zaninta ta zube su a kan faifai. Sun yi duhu, wani shuɗi-shuɗi mai kyau, ba kunne, ba huda, kowane gashi na mikiya a tsaye. Ban taɓa riƙe masu kyansu ba. Na ɗauki na farko, ba komai. Na juya na biyu, ko gilashi ban ɗauko ba. Ga shi nan, daga kafaɗar matar ya miƙe siriri har baki.

Na zauna a ƙasa cikin garin da nake tankaɗewa. Dillaliya ta ce, "Lahiya, Malama?" Sai ga hawaye suna bin fuskata. Matar nan, Allah ya saka mata da alheri, ba ta yi amfani da hawayena ta tsauwala mini ba, ko da yake ta ga dama a fili.

Washegari na hau mota zuwa Gwandu, daga can na hau babur zuwa Dalijan, liyarin na cikin jakarsa a ƙirjina. Na tarar da Inna a inuwar ɗaki, an jingina ta da bango. Muka gaisa. Na ce na zo mata da wani ta taɓa. Ta miƙo hannu ba tare da wani ɗoki ba, domin ta saba. Na so in ce ta kama ta baki, na haɗiye.

Yatsanta ya tafi kai tsaye kan kafaɗar. Ya tsaya. Ya bi layin a hankali har baki, ya dawo, ya sake bi.

"Ba shi na ba," in ji ta. Sai ta rufe hannunta a kansa ta ce, "Amma ɗan ɗakinsu na. Ina kis same shi?"

Na ba ta labarin hatimi da tsaga. Ta gyaɗa kai kamar na gaya mata abin da ta daɗe da sani. Ta sa aka kira mata matan gidan, ta ba kowace ta taɓa zaren, tana cewa, "To, kun ji shi? Cewa anka yi ƙarya nike." Rabon da in ji muryarta da ƙarfi haka har na manta.

Na shiga ɗaki na yi sallar azahar. Da na fito sai na tarar da abin da ya kusa tsayar mini da zuciya. Inna ta sa an kawo mata toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya a ƙoƙo, ta dage tana dirzar liyarin da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Shuɗin nan da ya ɗauki shekaru aru-aru yana taruwa, ga shi yana bin yatsunta baƙi ƙirin.

"Inna! Mi kike yi haka?"

"Wanki. Dauɗa ta yi mai yawa, awa ba shi da mai shi."

Na buɗe baki, faɗan gado ya taso har maƙogwaro. Da wani ne, da unguwa ta taru. Amma na dubi fuskarta, na ga tana murmushi ita kaɗai, irin murmushin mai yi wa jariri wanka. Na ja bakina na rufe, na zauna, na riƙe mata ƙoƙon.

Da ta gama ta lalubi bakinsa ko'ina, ta ce, "Ba shi da kunne. Ƙaƙa za ni sa shi? Ki kai a yi mai."

Na ce mata in aka sa masa wuta ya lalace, masu sani ba za su ƙara kallonsa ba. Ta ce su waye masu sanin, a kan wa suke ɗaura nasu? Na ce ba sa ɗaurawa, a akwati suke ajiyewa. Ta yi tsaki ta ce Allah ya ba su lafiya.

Haka na dawo Kalgo na nufi bayan kasuwa, ina tafiya kamar wadda za a cire wa haƙori. Na ajiye liyarin a gaban maƙeri na ce ya yi masa kunne. Ya dube shi, ya dube ni, ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Malama, kunnena na ko bakinki? Ni mai kashe tarihi?"

"Baba, don Allah ka yi aikinka."

Ya so ya ja zolayar, amma da na gaya masa na waye, sai ya jawo gawayi. Ya ce in riƙe masa awartaki. Ni da hannuna na riƙe mafi kyawun abin da na taɓa mallaka a kan gawayi, ina kallo ya yi ja. Ya liƙa kunnen a can sama, nesa da kafaɗar, don kada zafi ya taɓa zaren. Da zan biya shi ya ƙi karɓa, ya ce in ce wa tsohuwa ta sa shi a addu'a.

Na koma Dalijan. Gashin Inna ya zama ɗan kaɗan, fari fat, amma na samu abin da na kama na yi mata siririn kitso ɗaya a gefen kunne. Na zura baƙin zare, na ninka shi sosai, na ɗaura. Ta girgiza kai a hankali, liyarin ya taɓa kumatunta. Ta ce da sanyinsa ta tuna.

Ina bayanta, hannuna a kanta, ba ma kallon juna. Ina ganin shi ya sa na samu ƙarfin hali. Na ce, "Inna, da ba don ni ba, da na Innarki yana nan."

Ta ɗago hannu ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe, riƙo mai ƙarfi, har na ji zafi.

"Ashe abin da kika ɗauke da shi ke nan? Ke, rannan hannu biyu gare ni. Guda ga jirgi, guda gare ki. Da Allah ya ba ni na ukku, ke zan ƙara riƙewa da shi."

Ta kira sunana a ƙarshen maganar. Ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar.

Ta yi sauran watanninta da liyarin a kai, ƙarƙashin kallabi. Matan gidan sun ce ko tana tasbihi, ɗaya hannun yana can yana bin zaren. Da ta rasu, masu wanka suka kwance shi suka damƙa mini.

Yana nan a wurina. Ya yi fari tas, ga tabon wuta a sama, zaren ma ya ɗan kwanta saboda yawan shafa. Duk mai tara kuɗin azurfa da ya gan shi zai ce an cuce shi, kuma bisa dokarsu ya yi gaskiya. Sauran suna cikin adaka, kowane a jakarsa, ba mai taɓa su sai ta baki, kuma har gobe zan yi faɗa da wanda ya kusance su da toka. Shi wannan ban ɗinka masa jaka ba. Nakan gode wa Allah da ya tsaga wani ƙarfe a wata ƙasa da ban sani ba, ya kuma hana ma'aikatan lura da wuri. Ranar Juma'a in na yi kitso, ɗiyata ce ke ɗaura mini shi, kuma kullum sai na ce ta ninka zaren.